Ƙaramin Faifan Malam

Malam, maigidana, ya rasu shekara biyu kafin in zo Kuala Lumpur, kuma har yau idan na ambace shi sai na yi kuka. Ba na ɓoyewa. Auta ce ke rubuta wannan ina faɗa mata, domin ni ban yi makaranta ba. Na ce mata idan ta ga na yi shiru ta ajiye biro ta jira ni, kada ta ce in yi haƙuri. Haƙurin ina yi, kukan ma ina yi.

Wankan jego ne ya kawo ni garin nan. Mijin Auta yana karatun zama dakta, gwamnati ce ta turo shi, suna zaune a Bukit Jalil a wani dogon bene da idan ka leƙa ta taga motoci sai su koma kamar ƙwaro. Ban taɓa ganin jego babu itace ba sai a nan. Ruwan zafi daga bango yake fitowa. Kanwa da yaji da gero ni na taho da su, ƙafar saniya da citta kuwa surukina ke zuwa kasuwar Chow Kit ya sayo. Yarinyar da aka haifa lafiyayya ce, kumatu cike, sai dai tana da lokacin rigimarta. Da la'asar, daidai lokacin da hadarin garin nan ke haɗuwa, sai ta fara. Ruwa ya sauko, ita ma ta sauko da nata.

Nakan ɗauke ta in kifa ta a kafaɗa, ina zagaya falo ina yi mata waƙar da na reni 'ya'yana duka da ita. Waƙar ba ta da kalmomi a bakina, da hanci nake yin ta. Takan fara a ƙasa, ta yi tafiya a hankali, sannan ta ɗan hau. A wannan hawan ne na tsaya. Na nemi abin da ke gaba na rasa. Na koma farko, na sake zuwa wurin, na sake tsayawa.

Auta tana kwance a kujera da kofin kunu. Ta ce, "Inna, ai ba nan take ƙarewa ba."

Na ce, "Na sani. To ƙarasa min."

Ta gwada ta kasa. Ta ce, "Ni ai barci nake yi kafin a kai nan. Ki kira Gwaggo mana ki tambaye ta. Ba waƙar ƙauyenku ba ce?"

"Wane ƙauye? Waƙar Turawa ce."

Kunun ya kusa sarƙe ta. Ashe duk rayuwarta ta ɗauka waƙar reno ce ta kakanninmu, har ta gaya wa matan 'yan uwanmu da ke zuwa barka cewa uwarta ta zo da waƙar gargajiya tsantsa. Muka yi dariya har yarinyar ta daina kuka tana kallonmu. Amma da dariyar ta wuce sai abin ya dame ni. Na riga na fara manta yadda tarin Malam yake, da ƙarar takalminsa a zaure. Yanzu ga rabin waƙarsa ya tafi ban ma san ranar da ya tafi ba. Idan na rasa ta, babu wani mai rai da zan je in karɓo a wurinsa.

Malam ma'aikacin reluwe ne, mai gyaran injin jirgin ƙasa. Kafin aurenmu an tura shi Ingila koyon aiki, ya sauka a gidan wata tsohuwa mai ɗa saurayi. Wannan saurayin ne ya ja shi wata rana zuwa wani zaure inda wasu matasa masu dogon gashi ke kiɗa. Malam ya ce yana shiga ya ji goge, sai ya ji kamar an jefo shi gida. Da ya dawo, abokan tafiyarsa sun sayo kwat da agogo, shi ya sayo garmaho da fayafayai. Daga baya ma duk wanda za shi can sai ya ba shi saƙon sabon da suka fitar.

Tarihin mutanen nan na san shi kamar tarihin dangi, don na sha ji. Da farko 'yan makaranta ne da ke bin ƙauyukan ƙasarsu suna zama da tsofaffi, suna kwasar waƙoƙin manoma da na masunta da aka kusa mantawa. Faifansu na farko babu komai a ciki sai goge da jita da muryoyi. Daga baya suka haɗa kayan kiɗansu da wutar lantarki, suka ɗauko mai ganguna, waɗanda suka fara son su suka yi fushi suka ce sun ɓata gado. Su kuwa ba su waiwaya ba. Waƙoƙinsu suka riƙa tsawo, ana cikin wani kiɗa sai a juya zuwa wani, a yi nisa, sannan a dawo inda aka faro. Akwai faifan da waƙa ɗaya ta cinye fuska guda. Shi nake kira na dafa wake, domin idan Malam ya sa shi na ɗora tukunya, kafin ya ƙare waken ya fara laushi. Mai sarewa ya yi rigima da mai goge ya tafi, Malam ya yi kwanaki yana jin haushi kamar shi aka yi wa. Na ce masa, "Malam, mutanen nan ba su san kana duniya ba." Ya ce, "Ai ni na san suna duniya."

Ranar Asabar da hantsi ce ranar fayafayai a kwatas ɗinmu. Aikina shi ne gogewa. Ina da wani tsohon ɗankwali mai laushi da na ware don haka. Malam ya koya min in riƙe faifai ta gefe, in bi layukan a zagaye, kada in ƙetare su. Ban iya karanta abin da ke jikin kwalayen ba, amma na san kowanne da hotonsa. In na gama sai in zauna a tabarma ina tsinar shinkafa ina kallon hannunsa: ya ɗaga murfi, ya ɗora faifai, ya hure allura, ya sauke ta a hankali. Mutumin da ke wuni da baƙin mai da manyan ƙarafa, amma allurar nan kamar ƙwai yake sauke ta.

Akwai mace a cikin mawaƙan, mai siririyar murya da ke hawa sama kamar za ta tsinke. Malam yana son muryarta ƙwarai. Ni ba ta yi min ba. Nakan ce, "Wannan a ba ta abinci tukuna." Wanda nake so yana cikin ƙaramin faifai. Guda ɗaya ne tak ƙarami a cikin fayafayan, bai fi faranti na shayi ba, cikin farar takarda babu hoto. Saurayin nan ne ya ba Malam kyauta ranar da zai taho. Namiji ne a ciki, mai kaurin murya, yana jan waƙa a hankali kamar mai rarrashi, goge yana bin sa a baya. Malam ba ya sa shi ranar Asabar. Sai an yi haihuwa, jariri ya ƙi barci, zai ciro shi. Kafin ya kai ƙarshe yaro ya yi laƙwas. Ranar da babu wuta kuwa sai ni in yi da hanci.

Nakan ce masa, "Ka ga mawaƙi nan. Me ya sa ba su ba shi sauran waƙoƙin ba, suka bar wa waccan?"

Sai ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Mai kunya ne. Sau ɗaya aka samu ya yarda."

Duk haihuwa sai na yi tambayar nan, duk haihuwa sai ya yi wannan dariya. Na ɗauka halinsa ne kawai.

Garmahon ya mutu Auta tana ƙarama, aka rasa kayan gyaransa. Malam ya zuba fayafayan a akwati ya kai ɗakin ajiya. Bayan rasuwarsa, ina cikin takaba, yara suka buɗe suka tarar gara ta cinye kwalayen, zafi ya lanƙwasa sauran, suka fitar da su tare da tarkace. Ban ga laifinsu ba. Na kira babban yayan Auta daga nan na tambaye shi ko ya tuna sunan mutanen, ya ce shi dai ya tuna masu gashi ne.

Surukina mutum ne mai son gyara abu. Da Auta ta gaya masa, sai ya zo ya durƙusa daga bakin ƙofa ya ce, "Inna, ai waya tana gane waƙa. Ki yi mata kawai." Ni da ko ruwa ba na sha a gabansa, ga shi ana so in yi masa waƙa. Na juya baya na fuskanci labule, Auta ta riƙe wayar a bakina, na yi. Wayar ta yi tunani ta kawo wata waƙar Indiya. Na sake, ta kawo waƙar coci. Auta ta ce, "Inna, kin sa waya ta rikice." Surukina ya fita yana danne dariya, ina jin sa a kicin ya sake ta.

Bai bar maganar ba. Ya yi ta tambaya a makarantarsu har wani ya kwatanta masa wani kedai, wato kanti, na tsofaffin fayafayai, a bayan layin masu yadi na Jalan Tuanku Abdul Rahman. Da aka yi arba'in, ranar komawata ta matso, muka fita sayen tsaraba mu huɗu, har da yarinyar a bayan uwarta. Muka gama da mayafai da yadudduka, sannan ya shige gaba ya kai mu wani lungu, muka hau wani siririn matakala ina hutawa a hanya.

Kantin ɗaki ɗaya ne, fanka na juyawa, fayafayai tun daga ƙasa har rufi. Ƙamshin tsohon kwali ne ya fara tarar ni. Ƙamshin falonmu ne na ranar Asabar. Na dafa bango. Mai kantin wani tsohon Basine ne, tabarau a goshi, yana cin taliya daga takarda. Ya ajiye, ya janyo min kujera, ya ce, "Makcik," yana nuna min in zauna. Auta ta ce wai ma'anarsa gwaggo ke nan.

Ni ina gaya wa Auta, Auta tana gaya masa da Turanci. Ya tambayi sunan mawaƙan, babu. Sunan waƙar, babu. Ya ɗaga hannuwa yana dariya, ya ce to me muka zo da shi.

Na ce, "Gaya masa akwai wanda aka zana kwale-kwale a kife a tsakiyar gona, kaji suna fakewa a ƙarƙashinsa."

Tun Auta ba ta rufe baki ba ya sauke tabaransa kan hanci. Ya ɗauko ɗan tsani ya hau, ya sauko da faifai ya miƙo min. Shi ne. Kajin nan suna nan inda na bar su. Na karɓa ta gefe, na zare shi, na ga ƙura, ban san lokacin da na kama bakin mayafina na fara bin layukan a zagaye ba. Tsohon ya tsaya yana kallon hannuna, ya ce wa Auta wani abu. Ta ce, "Wai yana neman ma'aikaci, ko za ki zauna."

"Gaya masa jirgina ya kusa."

Ya faɗi sunan mutanen, surukina ya maimaita, ni dai bai zauna a bakina ba. Ya fito da duk nasu da yake da su, yana sa min ɗaya bayan ɗaya. Ga na farko mai goge zalla. Ga na dafa wake. Ina jin su ina share hawaye ina murmushi, ina gaya wa Auta inda za a juya kiɗa kafin a juya. Tsohon ya ƙarasa min labarin daga inda Malam ya tsaya: sun watse, kowa ya kama gabansa, sannan da furfura ta fito suka sake haɗuwa, har mai sarewa ya dawo suka shirya da mai goge. Na ce ina ma Malam ya ji wannan.

Amma waƙata ba ta cikinsu. Na ce namiji ne mai kaurin murya, a hankali yake yi. Tsohon ya girgiza kai. Ya ce ya san duk abin da suka fitar, mazansu duka muryarsu ba ta da kauri, babu irin wannan mutum a cikinsu. Na ce akwai, mai kunya ne. Auta ta fassara, ya dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa tsohuwar da ta fara ruɗewa.

Na ce, "A ƙaramin faifai yake." Na kwatanta girmansa da hannu.

Ya shiga ƙarƙashin tebur ya janyo wani kwali, ya daɗe yana bincike, ya fito da ƙaramin faifai cikin farar takarda. Ya ce nasu ƙanana wannan kaɗai ya taɓa zuwa hannunsa. Ya ɗora shi, ya taɓa wani ɗan ƙarfe a gefe ya yi ƙas, ya sauke allura.

Kiɗan rawa ne ya fito, mai sauri, da tafi, goge yana gudu, ga siririyar muryar matar nan a sama. Na ce, "Ba shi ba ne." Ya juya ɗaya fuskar, ita ma ba ita ba ce. Yarinyar ta farka ta fara rigima, a waje hadari ya haɗu. Surukina ya ce, "Inna, ko mu tafi kada ruwa ya tare mu? Za mu ci gaba da nema." Na san ladabi ne. Na fara tattara mayafina.

Sai na tsaya. Hannun tsohon nake ta gani a idona.

Na ce, "Auta, tambaye shi, me ya taɓa da zai sa ƙaramin?"

Ya nuna ɗan ƙarfen. Ya ce manyan fayafayai a hankali suke juyawa, ƙanana da sauri, dole sai an canza.

"Babanku bai taɓa taɓa wannan abin ba. Yadda yake sa manya haka yake sa ƙaramin."

Ta gaya masa. Ya ce ai ba a yin haka. Sannan ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Boleh lah," wato ba laifi, ya mayar da ƙarfen inda yake, ya koma fuskar farko, ya sauke allura.

Goge ya shigo a hankali. Tafin nan mai sauri ya koma kamar ana bubbuga bayan jariri. Sai ga shi, mutumina mai kaurin murya, yana jan waƙar daga ƙasa. Auta ta kama hannuna. Muka bi shi har wurin hawan da nake tsayawa. Ashe ba saukowa take yi ba kamar yadda na yi ta nema. Takan tsaya a saman ta ɗan jira, goge ya karɓa, sannan su gangaro tare. Ina ji na gane ta, kamar ban taɓa mantawa ba. Na bi ta da hanci har ƙarshe, a gaban surukina, ban juya baya ba.

Na yi kuka sosai, da sauti. Babu wanda ya ce in yi haƙuri. Ina cikin kukan ne abin ya faɗo min, na ce, "Auta, to ina namijin?"

Ta ce, "Inna, babu namiji. Ita ce. Wadda kika ce a ba ta abinci."

Dariya ta kama ni a tsakiyar kuka har na rasa wanne nake yi. Mai kunya ne, sau ɗaya aka samu ya yarda. Mutumin da ya san cikin injin jirgi ba zai kasa sanin aikin ɗan ƙarfen nan ba. Haihuwa bayan haihuwa yana zaune yana jin ina yabon matar nan da baki ɗaya ina kushe ta da ɗaya, bai taɓa tona min ba. Na ji dariyarsa a kunnena a cikin kantin nan, da riƙe cikin, da tarin da ke biyo bayanta. Tarin da na ce na manta.

Auta ta ba tsohon labari, ya yi dariya har ya cire tabarau yana goge ido. Ya sake sa shi a hankali, ya harɗe hannuwa yana saurare har ƙarshe. Ya ce ya tsufa a cikin fayafayai bai taɓa jin sa haka ba, kuma maigidana ya fi masu waƙar sanin inda daɗinta yake. Na ce a sake sa min mai saurin. Na saurare ta da kyau a wannan karon. Na ce, "To, ta iya." Yarinyar kuwa tuni ta yi laƙwas a bayan uwarta, ruwa yana ta zuba a waje.

Surukina ya ɗauki duka biyun a waya, mai sauri da mai hankali. Ƙaramin faifan ma ya saya min, ko da yake ba mu da abin sa shi. Yana cikin akwatina, na naɗe shi a ɗankwali.

Abu ɗaya ne ban sani ba: ko ran farko mantuwa ya yi bai canza ƙarfen ba, ya ga ɗan fari ya yi barci ya bar shi a haka, ko kuwa da gangan ya yi tun farko. Na so in tambaye shi. Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta.

Kwanakin da suka rage min a nan, kullum da la'asar ni ke ɗaukar yarinyar, in yi mata waƙar daga farko har ƙarshe, Auta tana bi na don ta riƙe. Ta kusa iyawa. Sai dai tana da gaggawa, ina ta ce mata ta ja ta a hankali, yadda babanta yake sa ta.